Matasan Tambuwal Da Kebbe, Wa Ke Bibiyar Rarar Harajinsa A Cikinmu?



Da tambaya zan fara yau, kowa ya amsa wa kansa tsakaninsa da Allah. Ran da alat ɗin albashi ko na kuɗin wani aiki ya shigo wayarka, ka taɓa tsayawa ka tambayi nawa aka cire kafin ya iso gare ka, da sunan me aka cire, kuma ina aka kai shi? Yawancinmu abin da ya shigo kawai muke gani. Mu ce alhamdulillahi, mu sallami mai shago, mu sayi data, mu miƙa wa tsofaffi ɗan abin cefane, shi ke nan wata ya mutu. Abin da aka zaftare tun daga sama kuwa mun ɗauke shi tamkar ruwan da ya zube a rairayi.

To ba duka ne ya zube ba. Dokar ƙasar nan ta san ana iya cire wa mutum haraji fiye da abin da ya hau kansa, ta kuma ce a mayar masa da rarar. Ra'ayina ke nan a taƙaice: duk kwabon da aka cire maka fiye da ƙima bashi ne kake bin gwamnati, kuma bashi ba ya biyan kansa, sai da shaida, sai da bibiya. Mu da muka iya bibiyar sakamakon ƙwallo da farashin dala da rigimar 'yan TikTok har ƙarfe biyun dare, me ya hana mu bibiyi kuɗin guminmu?

Darasin da ya fito daga mazaɓarmu

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar da za su fara aiki gadan-gadan. Kafin a kai ga haka an sha cacar baki. A Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun zauna a Kaduna suka ce ba su yarda da tsarin rabon harajin VAT da aka kawo ba. Mu ma ba a bar mu a baya ba, mun cika Facebook da X da sharhi, wanda ya karanta daftarin da wanda ko bangonsa bai gani ba.

Sai ga shi a Disambar 2025, saura 'yan kwanaki doka ta fara aiki, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kebbe da Tambuwal, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce ya kwatanta abin da majalisa ta zartar da abin da aka buga a kundin dokokin gwamnati, ya ga akwai wuraren da ba su yi daidai ba. Magana ta girma, majalisar ta kafa kwamitin bincike, ƙasa ta ɗauka.

Ko kana jam'iyyarsa ko ba ka ciki, wannan ba shi ne abin da ya kawo ni ba. Dubi dai abin da ya yi: takarda biyu ya ajiye kusa da juna ya karanta. Idan har dokar da ta bi ta hannun sanatoci da 'yan majalisa da lauyoyin fadar shugaban ƙasa tana bukatar wanda zai zauna ya kwatanta, ina ga takardar albashin da akawu ɗaya ya buga a kwamfuta da yammacin Juma'a yana sauri ya tashi? Abin da wakilinmu ya yi wa dokar ƙasa shi nake so kowannenmu ya yi wa takardarsa.

Me dokar ta ce?

Sabon lissafin harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ba shi da wuya. Naira 800,000 na farko da ka samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100 ne. Miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka yake hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, an ɗauke masa harajin albashi baki ɗaya. Kafin a yi lissafin ana fitar da abin da ka zuba a asusun fansho, da na inshorar lafiya, da na asusun gidaje na ƙasa. Mai zaman haya kuma ana rage masa kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma ragin ba zai wuce naira 500,000 ba, kuma sai ya bayyana abin da ya biya. Mai zaune a gidan gado, kamar yawancinmu a nan, wannan ragin bai shafe shi ba.

Kan batun mayar da rara, abubuwa huɗu za ka riƙe. Sai hukumar haraji ta bincika ta tabbatar an cire maka fiye da ƙima. Idan ta yanke cewa kana bi, tana da kwana 90 ta biya. Ana iya ajiye maka kuɗin a matsayin biyan harajinka na gaba maimakon a ba ka a hannu. Sannan neman dole ya kasance a rubuce, cikin shekara 6 bayan ƙarewar shekarar da aka yi cirewar. Ka ga ashe har abin da aka cire maka shekarun baya, a zamanin tsohuwar doka, bai mutu ba tukuna.

Amma kada rai ya biya. Harajin VAT na kashi 7.5 da ka biya a kan kayan da ka saya ba ya dawowa ga mai saye. Naira 50 da ake cirewa idan kuɗin da aka tura ta banki sun kai 10,000 ba sa dawowa. Tikitin kasuwa da na tasha ma haka. Maganarmu a kan harajin kuɗin shiga ce kawai, wanda ake cirewa daga albashi ko daga kuɗin aiki da kwangila.

A hannun wa kuɗinka suke?

Nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya. Da an ce haraji sai hankali ya tafi Abuja, wurin hukumar FIRS da yanzu ta koma NRS a ƙarƙashin Zacch Adedeji. Ita kamfanoni take bi, da VAT, da sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan jakadanci. Harajin albashinka kai malamin makaranta, ke ma'aikaciyar jinya, kai ma'aikacin banki ko na ƙungiyar agaji, na jihar da kake zaune ne. Ga mazaunin Tambuwal ko Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Sakkwato ce mai fayil ɗinsa, ko da gwamnatin tarayya yake yi wa aiki.

Mu mutanen iyaka ya kamata mu fi kowa lura da wannan. Akwai masu kwana a Tambuwal su wayi gari a wurin aiki a Aliero ko Jega cikin Jihar Kebbi. Ƙaramar hukumar Kebbe kuma ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Idan wurin aikinka ya tura harajinka jihar da ba nan kake zaune ba, ran da ka je neman takardar shaidar biyan haraji a Sakkwato ba za a ga sunanka ba. Ga shi kuma harafi ɗaya ne tsakanin Kebbe da Kebbi. Akawun da ke zaune a Abuja ko Legas, wanda bai taɓa jin sunan Kebbe ba, yana iya ɗauka kuskure ka yi, ya gyara maka da kyakkyawar niyya. Duba fom ɗinka da kyau.

Ta ina rarar ke fitowa?

Ga misalai uku, duk na ƙaddarawa ne, amma lissafin na doka ne, kowa na iya sake bugawa a wayarsa.

Na farko, a ce wata malama tana koyarwa a makarantar kuɗi, albashinta naira 80,000 a wata, wato 960,000 a shekara, babu wani ragi. A sabuwar doka, idan aka fitar da 800,000 saura 160,000. Kashi 15 na wannan shi ne 24,000 a shekara, naira 2,000 a wata. Idan akawun makarantar bai sabunta jadawalinsa ba, ya ci gaba da tsohon lissafi mai farawa da kashi 7 da kashi 11, abin da zai cire mata a shekara 50,480 ne. Bambancin ya haura naira 26,000. Wajen kashi ɗaya bisa uku na albashinta na wata guda ke nan ya tafi a kan kuskuren da ba nata ba.

Na biyu ya fi shafar mu matasa masu aikin wucin gadi. A ce wata ƙungiya ta ɗauke ka aikin tattara bayanai a ƙauyukan Kebbe na wata 5, a kan naira 150,000 a wata. Kwamfutar albashi za ta ɗauka shekara za ka yi kana karɓa, ta lissafa miliyan 1.8, ta riƙa cire maka 12,500 duk wata. A wata 5 an cire 62,500. Amma abin da ka samu gaba ɗaya 750,000 ne, bai kai 800,000 ba. Idan ba ka da wani samu a wannan shekarar, ko kwabo bai hau kanka ba. Wannan 62,500 ɗin naka ne halak malak. Kuɗin taki ne, kuɗin rajistar makaranta ne, jarin awaki ne.

Na uku shi ne harajin da ake riƙewa tun daga tushe idan ka yi kwangila. A ƙa'idojin da aka fitar a 2024, kashi 2 ake riƙewa a kan kawo kaya, kashi 5 a kan aikin ƙwarewa irin su horarwa da ba da shawara. Ka kai kujeru na naira miliyan 1, an riƙe 20,000. Ka horar da ma'aikata kwamfuta a kan 400,000, nan ma an riƙe 20,000. Yawancinmu muna ɗaukar wannan a matsayin rabon ofis, alhali ajiya ce a madadinka. Wanda ya riƙe wajibi ne ya ba ka rasit, kai kuma ka gabatar da shi a cire daga harajinka na shekara. Idan abin da aka riƙe ya fi abin da ya hau kanka, ragowar rara ce. Wanda ba shi da lambar haraji kuma ninki biyu ake riƙe masa, don haka rashin rajista ma asara ce.

Masu samun kuɗi ta YouTube su lura, kada su haɗa biyu. Abin da kamfanin ke riƙewa a kan masu kallo daga Amurka, wanda ke iya kaiwa kashi 30, harajin Amurka ne, baitulmalin Amurka yake tafiya. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta rage shi, kuma ba a Sakkwato ake neman sa ba.

Yaya ake bibiya?

Tun kafin a kai ga neman rara, fara da gida. Idan ka gano kuskure a tsakiyar shekara, je wurin akawu ko ma'ajin wurin aikinka cikin ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga lissafina, a taimaka a duba mini." Sau da yawa ana iya daidaita abin a albashin watannin da suka rage, ba sai an kai ga hukuma ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi.

Idan shekara ta riga ta ƙare, to sai tattara takardu. Lambar NIN ɗinka yanzu ita ce tushen lambar harajinka, saboda haka ka tabbata sunan da ke kanta shi ne a banki, shi ne a wurin aiki. Wanda yake Abubakar a nan, Garba a can, Bukar a wani wuri, shi ya san irin wahalar da nake faɗa. Ka nemi takardar albashi ta kowane wata, da rasit ɗin duk abin da aka riƙe maka, da na haya idan kana biya. Ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Sai ka tambayi wurin aikinka shaidar cewa abin da suka cire sun kai wa hukuma. Doka ta ba su zuwa 10 ga watan da ke biye su kai, kuma zuwa 31 ga Janairun kowace shekara su miƙa jerin sunayen ma'aikatansu da abin da aka cire wa kowa. Kai ma kana da naka nauyin: zuwa 31 ga Maris ka miƙa bayanin abin da ka samu a shekarar da ta gabata. Wannan bayanin shi ne ƙafar da neman rara ke tsayawa a kai. Wanda bai bayyana samunsa ba, da me hukuma za ta gane an cire masa fiye da ƙima?

Daga nan ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, ka faɗi shekara, da abin da aka cire, da abin da ya kamata a cire, da bambancin. Kwafi biyu za ka kai. A buga wa naka hatimi da kwanan wata, ka dawo da shi gida. Wasiƙar da ba ta da hatimin karɓa, ran da aka ce ba a gan ta ba, ba ka da ta cewa.

Bibiyar kanta tambayoyi uku ce, duk lokacin da ka kira ko ka je: fayil ɗina yana teburin wa, an gama bincike, kuma a wace rana aka yanke hukunci? Tambaya ta ukun ita ce mai nauyi, domin kwana 90 ɗin nan daga ranar yanke hukunci suke farawa, ranar da ka kai wasiƙa ba ta cikin lissafi. Fayil na iya daɗewa yana jiran bincike alhali agogon bai fara gudu ba. Rubuta sunan ofishin da kwanan watan kowace amsa da aka ba ka. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sabbin dokokin sun kafa ofishi na musamman mai sauraron ƙorafin masu biyan haraji, ga kuma kotun ƙararrakin haraji. Kuma don Allah kada ka ba da na goro. Wanda ya biya cin hanci don a ba shi haƙƙinsa ya sa wa na bayansa farashi.

Hattara da linki

Duk inda aka ce gwamnati za ta mayar da kuɗi, 'yan damfara sun riga kowa isa. Kun san salon: saƙo a WhatsApp da tambarin gwamnati, wai an amince a mayar maka da rarar haraji, danna nan, sa BVN, sa lambar katinka, turo lambar sirrin da aka aiko maka, sannan ka tura wa mutum 20. Jiya da sunan tallafi suka zo, shekaranjiya da sunan ɗaukar aiki, gobe da sunan haraji za su zo.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Rarar haraji sai ka nema a rubuce, sai an yi bincike. Wanda bai taɓa miƙa ko takarda ɗaya ba, daga ina sunansa zai fito a jerin waɗanda za a biya? Hukuma ba ta bukatar lambar sirrin katinka kafin ta tura maka kuɗi, lambar asusu ta ishe ta. Waɗanda MMM ta wanke a 2016 da waɗanda CBEX ta wanke a 2025 ba wawaye ba ne, kwaɗayi ne da gaggawa suka haɗu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan irin saƙon nan ya faɗo zauren WhatsApp na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai, kada ka goge naka ka yi shiru, gargaɗi sauran.

"Wa zai ba ka? A Najeriyar?"

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu tun daga sakin layi na farko, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato wajen kilomita 100 ne, mutumin Kebbe kuma nasa ya fi haka nisa. Idan rararka naira 5,000 ce, kuɗin mota zuwa da dawowa da na abinci sun cinye ta tun kafin ka ga ƙofar ofis. Ba zan ce wa kowa ya kashe goma don ya karɓo biyar ba. Irin wannan a daidaita ta a wurin aiki, ko a nemi a ajiye ta a matsayin biyan gaba, ko ma'aikatan wuri ɗaya su haɗa takardunsu ta hannun ƙungiyarsu. Kuskuren jadawali ba mutum ɗaya yake ci ba, duk wanda ke kan takardar albashin nan ya shafa. Malamai 30 da aka zaftare wa dubu 26 kowanne, ai an doshi dubu 800.

Wasu kuma tsoro suke ji: in na kai kaina, ai sun buɗe mini fayil ke nan. Wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Bincike ake yi kafin a biya, kuma binciken duk samunka yake dubawa. Idan bayan albashi kana da shagon POS ko kana sarin albasa da shinkafa, ribar tana shiga lissafi, kana iya zuwa nema ka tarar kai ake bi. Shi ya sa na ce ka zauna ka yi lissafinka tukuna da gaskiya. Amma mu daina ruɗin kanmu da cewa ɓuya za ta ɗore. Wanda NIN ɗinsa ke haɗe da layin wayarsa da asusun bankinsa ai ba ɓoyayye ba ne. Tunda ana ganin ka ta wajen karɓa, gara ka tsaya a gan ka ta wajen biya.

A wasu ƙasashe abin ya zama ruwan dare. A Amurka hukumar IRS tana da shafin da mutum zai sa lambarsa ya ga an karɓi takardunsa, an amince, ko an tura kuɗin, kuma yawancin masu miƙa bayanai ta intanet suna samun nasu cikin kwana 21. A nan Afirka, hukumar SARS ta Afirka ta Kudu tana yi wa ma'aikata da yawa lissafin da kanta, ta tura musu rarar cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kai su nan shi ne jama'a sun saba nema, har ya zame wa hukuma dole ta gina hanyar amsawa. Ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa ba a sa mata mai gadi.

Daga takardar kakanni zuwa tamu

Tsoron haraji a ƙasar nan yana da asali. Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki masu mulkin zamaninsa a kansu. A zamanin En'e haraji ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa yake bi, wanda ya kasa biya kuma ya san abin da ke jiran sa. Shi ya sa lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka ɗauke shi a matsayin 'yanci.

Tambayi duk wani dattijo a Jabo ko Girkau yadda ake adana takardar haraji a wancan lokacin. Ba a wasa da ita, domin ita ce kariyar mutum idan aka tare shi a hanya ko a kasuwa. Kakanninmu da yawansu ba su yi boko ba, amma sun san darajar rasit. Su sun adana shi don kada hukuma ta kama su. Mu da muka yi karatu, doka ta ba mu damar da su ba su samu ba, ta mu riƙe rasit mu ce wa hukuma ga abin da muke bin ki, sai ga shi ko karɓar sa ba ma yi.

Kira ga hukuma da wakilanmu

Nauyin ba a kan matasa kaɗai yake ba. Gwamnatin Ahmad Aliyu, kamar sauran gwamnatocin jihohi, tana son kuɗin shiga na cikin gida su ƙaru. Hanya mafi arha ta sa mutane su yarda da haraji ita ce su ga wanda aka mayar wa da rararsa da idonsu. Don haka ga abin da nake ganin ya dace mu nema, da murya ɗaya:

Duk wanda ya miƙa takardar neman rara a ba shi lamba, ya riƙa samun saƙon tes a kowane mataki, ya kuma iya dubawa da ƙaramar waya, domin ba kowane ƙauye ke da sabis ɗin intanet mai ƙarfi ba. A sa wa binciken kansa wa'adi, kada kwana 90 su zama ado. A riƙa karɓar takardu ana ba da amsa a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma cikin 23 da muke da su, ba sai an je birni ba. A fassara fom da bayanai zuwa Hausa, a yi ta faɗa a rediyo. Kowane ma'aikaci, har da malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ya riƙa samun takardar albashinsa duk wata ba tare da roƙo ba.

Sabuwar doka ta ce a ware asusu na musamman don biyan rarar haraji, a tarayya da jihohi. 'Yan majalisar jiha masu wakiltar Tambuwal da Kebbe su tambaya a zaure: nawa aka sa a ciki, mutum nawa suka nema, mutum nawa aka biya? Mu ma muna iya tambaya da kanmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan yankinmu da ke fitar da sanarwa a kan kowace rigimar siyasa, ga aiki nan mai amfani, na wasiƙa ɗaya.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, aikin wannan makon ƙarami ne. Nemi takardar albashinka ta watan jiya, ko rasit ɗin aikin ƙarshe da ka yi. Ninka albashin sau 12, fitar da ragin da ya shafe ka, fitar da 800,000, buga kashin da ya dace, ka kwatanta da abin da aka cire. In ya yi daidai, ka kwana da sanin ba a ci guminka ba. In bai yi ba, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kuma kana da shekara 6.

Allah Ya sa albarka a abin da muke samu, Ya raba mu da cin haƙƙin wani, Ya kuma hana wani cin namu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.